Ranar da Perka Ta Sa Baƙaƙen Kaya

A layinmu na garin Pag, mata biyu ne suka rage masu saƙar leshi da allura a bakin ƙofa: Teta Perka, ƙanwar kakata, da maƙwabciyarta Luce. Kowa ya san hannun Perka ya fi kyau. Amma in lokacin zafi ya zo, masu yawon buɗe ido suka cika gari, wurin Luce suke tsayawa. Mijin Luce ya daɗe da rasuwa, kuma a wurinmu tsohuwar da ta rasa miji ba ta sake cire baƙaƙen kaya. Baƙin ɗankwali, baƙar riga, farin zare a cinya, hoton da suke nema ke nan. Perka da rigarta mai furanni ko kallo ba ta samu.

Duk hutun jami'a nakan zauna gefenta ina sa mata zare a allura.

"Dubi yadda Luce take wani sunkuyar da kai, sai ka ce waliyyiya," in ji ta. "Matar da ko ƙulli ba ta iya ba."

Da hoton Luce ya fito a katin da ake sayarwa a bakin teku, Perka ta ƙi cin abinci. Washegari da safe, bayan mijinta Barba Frane ya hau tudu wurin tumakinsa, ta fito da baƙaƙen kayan mahaifiyarta a jiki.

Jamusawa masu yawon buɗe ido suka tsaya, suka yi ta ɗaukar hotonta. Fuskarta har sheƙi take.

Kafin rana ta take, matar mai gasa burodi ta iso da gudu tana kuka. "Wayyo Perka! Yaushe Frane ya cika?"

Mutane na taruwa sai ga Frane da cuku a hammata. Ya dubi taron, ya dubi matarsa.

"Perka, wa ya mutu?"

"Ba kowa."

"To, ni ne ke nan," in ji shi a hankali. Ya ajiye cukun, ya wuce ciki.

Luce ba ta ɗaga kai daga saƙarta ba. "Maƙwabciya, in kayan kike so, zo mu yi musanya. Ki kwashe su duka, har da Jamusawan. Ni ki ba ni tsohon."

Perka ta miƙe ta bi shi. Sai da ta yi kwanaki tana dafa masa naman rago da dankali kafin ya soma amsa mata magana.

Yanzu ta koma rigarta mai furanni, kuma kullum da yamma sai Frane ya zauna kusa da ita a bakin ƙofa, ko yana so ko ba ya so. Masu kyamara har yau wurin Luce suke tsayawa. Perka ta daina lura da su. Luce take kallo.

"Kin ga yadda ta gaishe da Frane?" ta ce mini jiya. "Matso da kujerarsa nan."