Taku Uku a Gonar Kaijage

Duk ƙauyen Rwamishozi, idan ana maganar rubisi, wato giyar ayaba, sunan Ishengoma ne ke fara faɗowa, kuma abin haushin shi ne mutumin ba wani mashayin kirki ba ne. Rabin ƙwarya zai sha, ya goge baki ya ce ta ishe shi. Shekara talatin ya yi a ɗakin injin jirgin ruwa yana kaiwa da komowa tsakanin Bukoba da Mwanza, a can kunnensa na hagu ya mutu. Da ya ajiye aiki ya dawo rabonsa na gonar ayabar da ubansu ya bari, sai ya rasa abin da zai yi da kansa. Shi ne ya sare wani tsohon ice, ya fafe kwami mai tsawon mutum biyu, ya koma yin giyar ayaba yadda ya ga ubansa yana yi. Bai taɓa sayar da ko ludayi ɗaya ba. Masu sayarwa a bakin hanya sun sha zuwa masa da daɗin baki, ya ba su 'ya'yan kofi su tauna, ya raka su bakin gona hannu wofi.

Shi aikin ne kawai ke ba shi sha'awa. Ya sare ayaba tana ɗanya, ya binne ta a rami da ganye da hayaƙi kwana biyar, ya tono ta ta yi ja, a ɓare a zuba a kwami. Sai ya wanke ƙafa kamar mai shirin zuwa coci, ya shiga yana takawa, ana miƙo masa busasshiyar tofa yana cusawa, har ciyawar ta kama naman ayabar, ruwan ya rabu ya kwanta a ƙasa. A tace, a zuba soyayyiyar dawa, a rufe da ganye. Kwana biyu sai ka ji kwami na huci. A lokacin nan ko matarsa Kokuleba ba ta isa ta yi masa maganar itacen girki ba.

Ayaba kuwa tana ƙi, wanda bai gani ba ba zai yarda ba. A taka, a taka, maimakon ruwa ya fito sai komai ya haɗe ya zama talge, ko ɗigo ba za a tace ba, sai dai a kwashe a ba shanu. Ishengoma ya san dalilai: ko ta nuna ta wuce kima, ko ciyawar jiƙaƙƙiya ce, ko an haɗa da ayabar dafuwa. Shekara ashirin da biyu ba ta taɓa ƙin ƙafarsa ba, kuma ba ya ɓoye jin daɗin hakan.

Amma mutanen Rwamishozi suna da nasu dalilin. A wajensu, giyar ranar tashin makoki, ranar da za a naɗa magaji, ƙanen mamacin ne ke taka ta, a gaban dangi. Idan ruwa ya fito, mamaci ya tafi ba ya bin sa komai. Idan ta ƙi, to akwai abin da mai takawar ya ci na ɗan'uwansa, kuma daga ranar ba mai ƙara miƙa masa ƙwarya a taro. Ba kotu, ba shaida, ba wanda zai tambaye ka ba'asi.

To, sai wansa Kaijage ya rasu.

Ga abin da ba wanda ya sani sai Ishengoma da matarsa. Shekara goma sha tara da suka wuce Kaijage ya yi doguwar jinya a Mwanza. A daminar, iska ta tuge itacen iyakar da ubansu ya dasa tsakanin gonakinsu. Ishengoma ya fita da safe zai mayar da shi raminsa. Ya tsaya da itacen a hannu, ya dubi gindin ayaba takwas na irin da ake yin giya, masu kyau, a ɓangaren wansa. Sai ya ƙara taku uku ya haƙa sabon rami. Abin bai ɗauki lokacin shan kofin shayi ba. Da Kaijage ya warke ya dawo, ya zaga gonarsa, ya daɗe a tsaye a bakin iyakar, sannan ya juya gida. Sun ci gaba da gaisawa, sun aurar da 'ya'ya tare. Sai dai tun daga nan, duk ranar da aka buɗe kwami Kaijage zai zo ya zauna, ya karɓi ƙwarya, ya miƙa wa na kusa da shi ya ce likita ya hana shi. Ko da gaske likitan ne, ko ba shi ba ne, Ishengoma bai taɓa samun ƙarfin tambaya ba, kuma abin ya ci shi a rai fiye da a ce zaginsa aka yi.

Magajin shi ne Mutalemwa, babban ɗan Kaijage, direban babbar mota a Darussalam, mutum mai faɗin kafaɗa da ƙarancin dariya. Yana yaro ya sha wasa a gindin wancan itacen iyaka, kuma da alama ƙafarsa ba ta manta inda yake ba. Bayan an binne ubansa ya zo ya durƙusa yadda ya kamata, ya ce wa Ishengoma yana so ayabar giyar ta fito daga gindi takwas ɗin nan na bakin iyaka, kuma shi da kansa zai sare ya binne, kada a wahalar da tsoho. Ya faɗa cikin ladabi, amma idonsa na kan na baffansa. Me Ishengoma zai ce? Ya ce to.

Kokuleba ta ce masa ya kwanta ya ce gwiwa ce, a nemi wani a dangi. Ya ce idan ya kwanta ai ya amsa laifi kenan tun ba a tambaye shi ba. Ta ce to ya je ya sami yaron nan su biyu ya gaya masa gaskiya. Ya juya mata mataccen kunnensa.

Ranar takawa, hantsi bai gama fitowa ba tsakar gidan marigayin ya cika. Maza sun zauna a kan shimfiɗar ciyawa, mata sun jeru a bakin ƙofa, an ɗauko kwamin Ishengoma an girke a inuwa. Tsoho Byabato, wanda shi ne babba a dangi kuma shi ke ɗanɗanar giyar kowane gida ba tare da an gayyace shi ba, ya sa an kawo masa kujera dab da kwamin. Aka fara kwaso ayaba daga rami. Ishengoma ya ɗauki ɗaya ya danna da babban yatsa. Ta yi luguf, bawon har ya fara baƙi. Ya tambayi Mutalemwa a hankali kwana nawa ta yi. Ya ce bakwai, don ta nuna da kyau.

Kai, ɗan birni! Kwana biyu ya ƙara mata, shi a ganinsa alheri ya yi. Irin wannan ayabar ce ke zama talge a ƙafar kowa, mai gaskiya da marar gaskiya. Ishengoma ya buɗe baki zai faɗa, sai ya dubi fuskokin da ke kallonsa ya rufe. Wanda ya fara kawo uzuri tun bai shiga kwami ba, an riga an san labarinsa. Ya wanke ƙafa, ya naɗe wando, ya sa aka ninka masa tofar da ya saba amfani da ita, ya taɓa ta da hannu ya ware duk mai danshi ya zubar.

Ya shiga. Ayabar ta haɗiye shi har idon sawu, sulɓi kamar sabulu. Ya kama sandar da aka gindaya ya fara takawa. Da farko ana hira, ana tsokanarsa, wani ya ce ƙafar nan ya kamata gwamnati ta sa mata gadi. Rabin sa'a ta wuce. Sa'a guda ta wuce. A ka'ida yanzu ya kamata a fara jin sautin ya sauya, daga ɓacal-ɓacal zuwa cakal-cakal na ruwa, kumfa ta taso. Ba abin da ya sauya. Hirar ta ragu, ta ragu, har aka fara jin kukan akuya daga gona ta uku.

Byabato ya sunkuya ya damƙo ciyawa daga kwamin ya matse. Wani abu fari mai kauri ya fito ta tsakanin yatsunsa, ba ɗigon ruwa. Ya share hannu a ganye.

"Ishengoma, yau kuma ƙafar taka ta yi nauyi," in ji shi. "Ko akwai abin da ta ɗauko?"

Ba wanda ya yi dariya. Mutalemwa yana tsaye a ƙarshen kwamin, hannu harɗe a ƙirji. Uwarsa ta ja mayafi ta rufe baki. Ishengoma ya ce a ƙaro tofa. Aka ƙaro. Ya ce a ƙaro kuma. Ya daina takawa da tafin ƙafa, ya koma murzawa da dunduniya, yana tattaro komai gefe guda yana naɗe shi da ciyawa, dabarar da bai taɓa nuna wa kowa ba. Tofar ta yanyanka masa tsakanin yatsu, zaƙin ayaba na shiga yana yi masa raɗaɗi. Gumi ya jiƙa rigar, gwiwarsa ta fara ciwo da gaske. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko ranar da injin jirgi ya mutu musu a tsakiyar tafki. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne, idan ta ƙi, kuskuren yaron nan ne zai sa ta ƙi, amma hukuncin da za a yanke daidai ne.

Ya hangi Kokuleba a cikin mata, ta kafe shi da ido, ta ɗan gyaɗa kai: faɗi kawai. Maimakon ya faɗa wa masu rai, sai ya faɗa wa mamacin a cikin ransa. Ya ce, Yaya, ka rufa mini asiri yau ɗaya, gobe da safe da hannuna zan mayar da itacen inda Baba ya dasa shi.

Ya ci gaba da murzawa. Ko minti goma ne, ko ashirin, shi bai sani ba. Da lafiyayyen kunnensa ya fara jin wani ɗan tsut-tsut a ƙarƙashin dunduniyarsa. Ya taka kuma. Sai ciyawar ta dunƙule ta yi tauri, wani ruwa mai launin zuma ya silalo ta gefenta ya gangara ƙarshen kwamin, ya taru daidai ƙafafun Mutalemwa. Byabato ya sake damƙowa ya matse, ruwa ya bi masa hannu har gwiwar hannu. Ya lasa ya ce Kaijage ya tafi da farin ciki. Mata suka rangaɗa guɗa.

Sai da aka kama shi ya iya fitowa. Yana zaune ana zuba masa ruwa a ƙafa, Mutalemwa ya zo ya zube a gabansa, ƙaton mutum, yana kuka kamar yaro, a gaban dangi duka.

"Baffa, ka yafe mini. Shekara da shekaru ina zarginka a raina. Da gangan na zaɓi ayabar nan don in kunyata ka. Ga shi Baba da kansa ya wanke ka."

Ishengoma ya ɗora masa hannu a ka. Ya san sarai ba Kaijage ne ya wanke shi ba, dunduniyarsa ce da busasshiyar tofa. Ya ce, "Tashi, ɗana, ba komai."

Rubisin ta yi daɗin da har yau ana labarinta. Aka naɗa magaji, aka ci ayaba da wake, aka watse. Washegari Ishengoma ya saɓi fartanya ya nufi bakin iyaka kamar yadda ya yi alkawari. Ya tsaya a gindin itacen. Idan ya tuge shi yau, me zai ce wa mutanen da suka yi guɗa? Ya nome ciyawar da ke gindin, ya ce bari baƙi su gama tafiya tukuna. Baƙi suka tafi. Ya ce bari ruwa ya sauka ƙasa ta yi laushi.

Kafin ruwa ya sauka Mutalemwa ya dawo daga Bukoba da buhun siminti biyu da turaku shida a bayan mota. Ya ce shi zai koma bakin aikinsa, kuma ba ya so wata rana 'ya'yansa su yi wa 'ya'yan Baffa irin rashin kunyar da shi ya yi. Ice yana faɗuwa, siminti ba ya faɗuwa. Ya tara Byabato da dattawa uku su shaida, ya ce ba wanda ya cancanci nuna layin sai Baffa. Kowa ya ce yaron nan ya yi hankali.

Kokuleba tana tsaye a bakin gona da kwando a ka. Ishengoma ya dube ta, ya dubi wurin da tsohon ramin yake, taku uku a bayansa, inda har yanzu ƙasar ta ɗan lotsa ga wanda ya san wurin. Dattawa suna jira. Ya ɗaga sandarsa ya nuna gindin itacen.

Aka haƙa rami aka sa turke na farko. Mutalemwa ya ce Baffa ya riƙe masa shi ya miƙe sosai kafin ya zuba simintin, shi ne mai idon aiki. Ya riƙe da hannu biyu har kwaɓin ya kama.

Daga ranar bai ƙara shiga kwami ba. Masu biki da masu makoki sun yi ta zuwa roƙo, yana ce musu gwiwa ce, suna cewa ai dole, bayan irin takawar da ya yi wa wansa. Kwamin yana nan a bayan ɗaki a kife, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsa. Gindi takwas ɗin nan kuwa ba su fasa haihuwa ba. Ba ya sarewa, ba ya bari a sare, sai su nuna a sama tsuntsaye su cinye. Mutalemwa, duk zuwan da zai yi gida, sai ya kawo masa man shafawa na ciwon gwiwa, ya durƙusa ya shafa masa da kansa.