Gadin da Anselin Bai Ƙarasa Ba

Ranar ƙarshe da ɗana Anselin ya yini a gida, da sassafe ya ci burodi da man zaitun a tsaye, kamar kullum. Da hantsi ya raba gardamar manoma biyu a kan itacen ɓaure. Da rana ya ɗora 'yarsa Izabo a wuya suka je duba kurangar inabi. Da yamma manzon yariman da ya ba shi ƙasa ya iso: lokacin gadi ya yi.

Ƙasar Anselin ba ta da yawa: hasumiyar dutse, ƙauyuka biyu na Girkawa da tudun awaki a Moreya, can ƙasar Girka. Sharaɗinta ɗaya ne. Kowace shekara zai yi wata huɗu yana gadin ganuwar da yarima ya zaɓa, in ya bar wurin a ƙwace ƙasar. A bana ganuwar bakin fadama aka ba shi, a tsakiyar zafi.

Matarsa Tiyodora, Bagirkiya ce, ta ajiye tulun ruwa da ƙarfi.

"Ku Faransawa! Ko akuyarmu ta san a hau dutse a wannan watan. Kai za ka kai wa sauro jininka har gida?"

"Sauro ba ya huda sulke, uwargida," in ji shi, yana dariya.

"To ka kwana a cikinsa."

Ya juyo gare ni. "Baba, kai da ka karanta shari'a a Bolonya, akwai mafita?"

Babu. Na duba.

A wata na biyu zazzaɓi ya kama shi. Masuntan wurin duk sun koma tudu, sojojin da ba su da ƙasa suka gudu. Tiyodora ta aika alfadari a ɗauko shi, ya mayar da shi ba kowa a kai. Ya ce in ya fita ƙofar nan, Izabo ba ta da gado. Ya rasu kafin a tsinke inabi, shekarunsa ashirin da tara.

Ƙasar ta zama ta Izabo. Amma da yake yarinya ce, yarima ya ba wani jaruminsa riƙonta, shi ke zaune a hasumiyar yanzu. Ɗan jarumin zai aure ta in ta girma.

Dokin Anselin da sulkensa suka koma wurin yarima, bisa ƙa'ida. Takobinsa yana rataye a coci. Takalmansa na ba makiyayin awaki, sun yi masa yawa. Malafar da yake sawa a gona tana ɗakina, Izabo ta daina tambayar ta wane ne.