Abin da ke kai kaka gindin tsamiya

Shekaranjiya wani saurayi ya wuce ta ƙofar gidana da waya a hannu, goge na kuka a cikinta. Ina tsintar wake, sai na tarar hannuna ya tsaya. Ni goge ba rawa yake tuna mini ba. Kakata yake tuna mini, mahaifiyar babana, da bazarar da muka kusa rasa ta saboda maganar da ta kasa faɗa.

Ƙauyenmu bai da nisa da Dogon Dutsi. Lokacin ba a daɗe da sauke tutar Nasara ba, ni kuma ina 'yar yarinya. Kaka mace ce mai baki, in ta yi dariya a rijiya ana jiyowa daga gida. Sai ga shi a hankali ta janye. Ta bar kasuwa, ta bar zaman suna. Kana cikin magana da ita sai ta miƙe zumbur, ta suri buta, ta bi ƙofar baya zuwa wata tsamiya da ke bayan danga. Ba a jimawa ta dawo, ba a jimawa ta koma. Ruwa kuwa kamar an hana ta, ga rana tana dafa ƙasa, leɓɓanta duk sun tsattsage.

In ka san Arewa, ka san abin da za a ce game da tsohuwar da ke sintiri gindin tsamiya. Gwaggona, wadda ba a taɓa tambayarta abu ta ce ba ta sani ba, ta yanke magana: doguwa ce ke kiranta. Kaka ta ji, ba ta musa ba. Sai da na girma na gane dalili. A wurinta gara a ce iska ta kama ta da a ce tana jiƙa zane.

To wa ma za ta gaya wa? Babana ɗan farinta ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi. In ya zo gaisuwa sai ta juya ta amsa wa bango. Innata kuwa suruka ce, can ma kunya ta tare hanya.

Aka sa ranar wasan bori, aka ɗaure baƙar akuya, masu goge suka iso da hantsi. Gida ya cika da hayaƙin turare. Kaka na ɗaki tana nishi, dafe da mara, gumi na tsiyaya, mata na cewa iskar ta kusa hawa. Ni tsoro ya kama ni, don ban taɓa jin babba na nishi haka ba.

Ana cikin haka Bafillatanar da ke kawo mana nono ta shigo. Sa'ar kaka ce, kuma ka san Ba'are irinmu da Bafillace, wasa ke tsakaninsu, babu abin da ba sa gaya wa juna. Ta dire ƙwarya ta kutsa ɗaki.

"Ke baiwata, mi ya kada ki?" in ji ta.

Ban ji amsar kaka ba. Na dai ga Bafillatana ta fito ta ratsa masu goge, ta tsaya a gaban babana cikin maza.

"Kai ɗan baiwata! Uwakka ba doguwa ag gare ta ba. Hitsari na, ya ƙi hita tun jiya, mara ta kumbure. In kana son ta da rai, tashi."

Goge ya mutu. Maza suka sunkuyar da kai. Babana ya miƙe.

Takarkarin rugar Bafillatana aka kawo, aka shimfiɗa tabarma da tsummoki, aka ɗora kaka. Babana na ja, innata na tallafe da ita, ni ina biye ina kuka cikin rairayi mai ƙona ƙafa. A gidan likita wata unguwarzoma mai farar riga ta shiga da kaka da innata, mu muka zauna a inuwar bango. Can sai muka ji ƙarar ruwa na zuba a tasa, yana zuba, kamar ba zai ƙare ba. Daga nan muryar kaka ta biyo baya da wata doguwar hamdala. Babana ya rufe fuska da hannun riga. Ran nan na fara ganin hawayensa, ni kuma daɗi ya sa na fashe da dariya.

Daga baya innata ta ba mu bayanin unguwarzoma. Yawan haihuwa da daka da ɗaukar tulu sun sa mahaifa ta sauko ta danne hanya, mafitsara ba ta juyewa duka, shi ya sa kullum take jin matsi. An zare fitsarin da 'yar roba, an sa mata wani zobe da zai tallafe mahaifar, aka ce ta sha ruwa, ta riƙa dawowa ana dubawa.

Kafin mu kama hanya kaka ta nemi ruwa, ta shanye moɗa guda ba ta sauke ba. Sannan ta dubi bango ta ce, "A ce ma wancan na waje Allah shi yi mai albarka."

Gwaggo har ta rasu tana cewa warin magani ne ya kori doguwa. Akuya dai masu goge sun tafi da abarsu. Damina ba ta faɗi ba sai da kaka ta koma rijiya da bakinta.

Yau na kai shekarunta, jikina ma ya fara irin nasa tsegumi. Ina son kunya, da ita aka raine ni, kuma ina jin zafin yadda take ƙarewa a gidaje. Amma ranar da na ji marata ta yi nauyi, ban tsaya jiran mai nono ba, don yanzu a leda ake kawo shi. Ɗan farina na kira, da sunansa, na ce ya zo da babur.