Rijiyar da Baba Likita Ya Sa Na Rufe

Jiya na ga wata mata tana jan guga a tsohuwar rijiyarmu ta Gyadi-Gyadi. Na hana ta, ta ce ita ba ta ga alamar komai ba. Tun lokacin na kasa zama wuri ɗaya, marigayi Baba Likita nake ta tunawa. Aikinsa bin sawun cututtukan da ke fitowa daga ruwa da ƙasa, ba ya taɓa mara lafiya sai ya tambaya, "A ina kuke ɗiban ruwa?"

Shekarar da soja suka miƙa mulki, 'yata Habiba ta yi ta ciwon ciki tana ramewa. Da na kai ta wurin Baba Likita, ya baro asibiti ya biyo ni gida. Ya jawo guga da kansa, ya shinshina ruwan, ya daɗe yana kallon kwatar mai gyaran batir da ke gangarowa gindin rijiyar. Bayan gwaji ya dawo.

"Malam, gubar batir ta shiga. Rufe ta za a yi."

"Baba Likita, mahaifina ya haƙa ta sadaka!"

"Don mutane su rayu ya haƙa. Ga fenti, rubuta da ajami, ba kowa ke karanta boko ba."

Na karɓi fentin na rubuta a murfin: kada a sha. Habiba ta warke.

Yanzu damina ta cinye rubutun, baƙi sun cika layin. Na sayo fenti da kwaɗon kulle murfin. Allah ya haskaka kabarin Baba Likita, ya sa in riga gugan matar nan isa.