Kunkuru a Cikin Hulata

Har gobe ina tuna safiyar da aka fara tura ni bakin teku. Lokacin ina mataimakin bincike a wata jami'a nan Kuala Lumpur, aikina wanke kwalabe ne kawai. Ni mutumin Gusau, ruwan da na sani bai wuce na dam ba. Shugabarmu, Dakta Rosnah, ta kwashe mu zuwa gaɓar gabas lokacin ƙyanƙyasar kunkurun teku.

Tsarin aikin shi ne, bayan sallar asuba mu tsince shara tsakanin ramukan ƙwai da ruwa: ledoji, kofunan roba, silifas, yagaggiyar komar kamun kifi. Ɗan kunkuru bai cika tafin hannu ba. Silifas guda katanga ce a gabansa, in kuwa rana ta buɗe masa a kan yashi, tasa ta ƙare.

Ina cikin tsinta sai ga wasu 'yan kunkuru sun fito sun maƙale a koma, ɗaya ya faɗa kofi yana ta wutsil-wutsil. Kai, tausayi ya kama ni! Na tuɓe hulata, na kwashe su a ciki, na ruga wajen ruwa.

"Usman, tsaya!" Dakta ce ke ƙwala mini kira. "Mayar da su inda ka ɗauko."

"Dakta, ba ceton su muka zo yi ba?"

"Shara aka ce ka ɗauka, ba kunkuru ba."

Wai dole su ja ciki da kansu, don ana kyautata zaton a tafiyar nan suke haddace gaɓar da za su dawo yin ƙwai. Wallahi kaina ya ɗaure. Na mayar da su, na janye komar, na koma gefe ina kallo kamar dolo. Saura ƙiris su kai ruwa, hankaka ya sauko ya sure wanda na ciro daga kofi.

Raina ya ɓaci. "Dakta, da yana hulata da yanzu yana raye!"

"Na sani," ta ce, idonta ya ciko. "Hankaka da abincinsa aka halicce shi. Kofin ne mu muka kawo."

To, ku sababbin zuwa, kada ku ɗauka mutanen aikin nan ba su da tausayi. Har yau ban gama ganewa ba, amma na koyi abu guda: ɓarnar ɗan Adam kaɗai aka ba mu izinin gyarawa. Saura kuwa sai ka tsaya ka gani, ko da zuciyarka na ƙuna.