Kafintan da Ya Dogara da Giya

A shekarun baya akwai wata unguwa da ba ta wuce layi biyu ba, kuma hanyar fita ɗaya ce, mai gangarawa daga bakin makarantar firamare har gada. A saman gangarar wani kafinta yake da rumfa. Da ƙarfinsa ya fara ja baya, sai ya sayi tsohuwar bas mai shan dizal, ya cire kujerunta, ya kafa gado da kabad da wurin risho. Burinsa ya zaga ƙasa da matarsa, wadda tun aurensu ba ta yi nisa da gida ba.

Sharaɗinta ɗaya ne: motar ta sauka gangarar lafiya da tangaran ɗinta a ciki.

A gwajin farko ya danne birki tun daga sama, har ya yi zafi yana ƙauri, da ƙyar suka tsaya. Wani direban tirela ya koya masa cewa mota mai nauyi ba a sauko da ita da birki kaɗai. A rage giya, inji ya riƙe ta. Ya kuma gargaɗe shi cewa riƙon injin dizal irin nasa ba shi da ƙarfi, don haka ya shiga ƙaramar giya tun kafin hanya ta karkata.

Kafinta ya ɗauki darasin da zumuɗi, har ya kai shi gaban surukansa.

"In mutum ya fara gangarawa, ba abin da ke riƙe shi sai giya," in ji shi. "Ni yanzu da ita na dogara."

Yayan matarsa ya zabura. "Subhanallahi! Da furfurar taka?"

"Yaya, ta biyu nake nufi."

"Au, har ka kai ta biyu?"

Kafintan da kansa yake ba da labarin gwaji na biyu, yana dariya. Wa'azin da yayan matarsa ya yi masa a kan barasa ya sa ya manta gargaɗin direban, sai a tsakiyar gangara ya cusa giyar. Bas ta yi tsalle, ƙofofin kabad suka buɗe, tangaran ya tarwatse.

"Rayuwata duka ina sa wa mutane sakata," yakan ce, "tawa kaɗai na manta."

Matar ta tsince abin da ya tsira, ta ce, "Baban yara, inji dai ya yi aikinsa. Kafintan ne zan canza."

Ya sa sakatar daga baya. Ita kuwa ba ta amince da gwaji na uku ba tukuna, kuma bas ɗin ba ta taɓa ƙetare gadar ba.