Taku Dubu da Ɗari Huɗu na Baba Maccido

Ka taɓa ƙirga taku nawa ne daga ƙofar gidanku zuwa wurin da ranka ya fi so? Baba Maccido na Wurno ya ƙirga nasa. Daga inda mashin yake tsayawa a bakin fadama zuwa gonarsa ta albasa, taku dubu ɗaya da ɗari huɗu ne, a kan siririyar gaɓa tsakanin magudanar ruwa da fangalin mutane, inda ko keke ba ya bi. Shekara arba'in da ɗaya yana bin wannan gaɓa bai san adadinta ba. Sai da ta gagare shi ya sani.

Fangali sittin da biyu ya gada wurin mahaifinsa, da irin jar albasa mai yin wata biyar a ajiye ba ta ruɓe ba. Daga Rabah, daga Goronyo, har daga Giyawa ake zuwa neman irin Maccido. Sirrin kuwa yana ga babban ɗan yatsansa. Ranar cira yakan tsuguna a gona, ya danna wuyan kowace albasa, a cikin talatin ya ware guda ɗaya wadda za ta zama uwar iri. Babban ɗansa Almustapha ya iya noma, amma shi girma yake dubawa.

Yana da shekara sittin da uku ƙafar hagu ta fara yi masa gardama. In ya yi taku kamar ɗari da hamsin, sai sharaɓarsa ta ɗaure kamar an matse ta da igiya. Ya tsaya minti biyu, ta saki. Ya ci gaba, ta koma. Aka ce sanyi ne. Wanzami ya yi masa ƙaho sau uku, ba ta sake zani ba. Wata ranar ban ruwa ƙafar ta ƙi sam a tsakiyar gaɓa, Almustapha ya goya shi a baya, suka wuce gonaki goma sha ɗaya ana yi masa sannu. Da suka kai bakin hanya ya rantse ba zai sake shiga fadama ba sai da ƙafarsa.

'Ya'yansa suka yi abin da 'ya'yan kirki suke yi. Suka shimfiɗa masa tabarma a gindin dogonyaro, suka hana shi ɗaukar ko buta. Masallacin da yake taku tamanin daga gida ma, a mashin ake kai shi. Cira biyu ta wuce shi yana zaune. Da hantsi in iska ta kawo ƙarar injinan ban ruwa, yakan ce yau kwana arba'in da dashe, yanzu ganye ya kai tafin hannu biyu. In Almustapha ya dawo, kafin ya amsa gaisuwa sai ya kama gefen rigarsa, wai yana duba laka, alhali warin ɗanyen ganyen albasa yake nema. A shekara ta biyu albasar gidan ta fara ruɓewa tun wata na uku, wani mai saye daga Goronyo kuma ya ce, cikin ladabi, irin bana ba kamar na da ba. Maccido ya kwana biyu tuwo bai wuce masa ba.

'Yarsa Zinariya, da take aure a Rabah, ita ta matsa aka kai shi asibiti Sakkwato bayan kaka. Likitar ta auna jininsa a hannu, ta auna a idon sawu, ta tambayi sana'arsa. Da ya ce noman rani, sai ta tambaye shi abin da yake samun magudanar ruwa in yaɓen cikinta ya tsattsage. Ya ce ai ciyawa da laka su samu wurin kamawa, hanya ta tsuke, fangalin ƙarshe ya kwana da ƙishi. Ta ce to haka jijiyoyin jini suke. Cikinsu akwai wata shimfiɗa mai santsi, ba ta kai bawon albasa kauri ba, ita take sa jini ya wuce sumul, ita take sa jijiya ta buɗe in jiki ya nemi ƙari. Hawan jini, da taba, da kitse a jini sun kakkarce tasa. Ƙafarsa ce fangalin ƙarshe. Kuma irin wannan jijiya ce take ciyar da zuciya, don haka ba maganar ƙafa kaɗai ba ce.

Ta rubuta ƙwayoyi uku: na hawan jini, na rage kitse, da na hana jini gudaji. Ta ce tabar gari da yake cusawa a leɓe tun yana saurayi ta ƙare, gishiri da dunƙule a rage. Sannan ta faɗi abin da ya sa Almustapha ya ɗago kai: tafiya. Ya yi ta tafiya har ƙafa ta ɗaure, ya huta, ya tashi, rabin awa, aƙalla kwana uku a mako. Gudun jinin da kansa yana gyara shimfiɗar. In ƙirji ya yi nauyi ko numfashi ya sarƙe, ya tsaya a kawo shi.

Barin taba ya ci masa mako uku na faɗa da kowa. Tafiyar ce ta fi wuya, kuma ba don ƙafa ba. Ranar farko, cikin taku ɗari uku, mashin huɗu suka tsaya. A Wurno ba a wuce dattijo yana ɗingishi, abin faɗa ne a gidan uban mai mashin. Ya ƙi na farko, ya ƙi na biyu da na uku. Na huɗu surukinsa ne, ya sauka ya durƙusa, ba yadda za a yi. Aka mayar da shi gindin dogonyaro ko zufa bai yi ba. Kwana biyar haka ake yi.

Abokin wasansa Lauwali, mai jigilar harawa da jaki, ya same shi yana ƙunci, ya ji labari, ya yi dariya har da tari.

"Kai Maccido, tsufa ya ci ma wayo. Ni wa kat taɓa gani ya tsaya ya ce in hau? Mai kora jaki aiki shikai, ba a ɗaukar shi."

"To mi kaka nuhi? In koma bawan jakinka?"

"Shi ma gurgu na, kamar kai. Ku riƙa jiran juna."

Washegari aka ga Maccido, mai irin da ake zuwa nema daga gari uku, yana bin tsohon jakin Lauwali da dammunan harawa biyu. Mashina suka yi ta wucewa ana ɗaga masa hannu kawai. Da carbi yake ƙirga, kowane taku ƙwaya guda da tasbihinta. In ƙafa ta ɗaure ya dafa harawa, jaki ya ji daɗi.

Almustapha ne abin ya dama. A kasuwa an tambaye shi ko gidan ya kasa riƙe uba ne. Ya zo da yamma ya tsuguna, ya roƙi tsohon ya rufa musu asiri. Maccido ya daɗe yana juya carbi.

"Ranar da kag goya ni, kai anka yaba. Ni ko, ban manta ba. Bari a zage ka wata huɗu, ɗana, in ga gonata."

Almustapha ya tashi ya tafi. Da safe aka tarar ya gyara igiyar jakin.

Mako na farko taku ɗari da sittin kafin ciwo. Mako na shida, ɗari biyu da casa'in. Mako na tara ya koma baya, zazzaɓi ya kwantar da shi kwana takwas. Mako na goma sha shida, ɗari huɗu da saba'in. Awon jininsa, da ya fara a ɗari da saba'in, ya sauko ɗari da arba'in ya tsaya. Likitar ta gaya masa gaskiya: jijiyar ba za ta koma ta saurayi ba, kuma maganin na har abada ne.

Ranar cira, cikin watan Maris, ya sauka daga mashin a bakin fadama. Jaki ba ya bin gaɓa, daga shi sai carbinsa. Ya tsaya sau uku. A tsayuwa ta biyu, daidai inda aka goya shi, Almustapha ya matso, ya miƙa hannu, sai kuma ya mayar da shi aljihu. Mutanen gonaki goma sha ɗayan nan sun ga komai, babu wanda ya ce sannu. Barka da zuwa kawai suka yi masa.

Gonar ta yi masa ƙanƙanta fiye da yadda ya riƙe ta a rai. Ya san ba zai sake riƙe fartanya yana karya ruwa daga fangali zuwa fangali ba. Ya zauna a ƙasa, ya ɗauki albasa guda ya shinshina, ya daɗe. Sannan ya kama babban yatsan Almustapha ya ɗora a wuyanta, ya danna da nasa a sama. Kafin la'asar sun ware ɗari biyu da goma sha huɗu. Arba'in na ƙarshe ɗan ne ya zaɓa, uban ya mayar da shida kawai.

Gobe da safe ka gwada. Ka fita da ƙafa, ka ƙirga takunka har inda ranka yake so. In sharaɓarka ta ɗaure ta kuma saki da ka tsaya, riƙe adadin ka kai wa likita. In kuma ka ga dattijo a hanya, ka tsaya kamar yadda aka koya mana, amma in ya ce maka tafiyar magani ce, yi masa barka ka wuce.